Ƙarfen Da Sunusi Ya Tsinta

Sunana Garba. Ni mutumin wani ƙauye ne tsakanin Bagwai da Shanono, inda gona take manne da gona, ba ka gane iyaka sai ka ga layin gamba. Karatuna bai wuce sakandare ba, ita ma da ƙyar na fita, don haka mai karatu ya yi haƙuri da rubutuna. Akwai mutumin da aka ba ni amanarsa ya rasu a ƙasar waje. Na dawo gida na ba da labarinsa rabi, rabin da ya wanke ni. Yau zan ba da shi duka, Allah ya ba ni ikon kaiwa ƙarshe.

Ba zan ambaci sunan ƙasar ba, ko na kamfanin. Suna da nasu alhakin, amma ba nasu na zo faɗa ba.

A shekarun da taki ya gagari talaka na fita. Mu bakwai muka raba gonar mahaifinmu, abin da ya zo hannuna ko jaki ka ɗaure a ciki sai igiyarsa ta shiga gonar wani. Wani dillali a unguwar Bacirawa cikin birni ya ce ana neman direbobi a ƙasar Larabawa. Abin da ya kai ni ke nan.

Zangon farko wani gida ne a bayan tashar jiragen ruwa. Tun a filin jirgi wani mutum ya karɓe fasfo ɗinmu ya ce zai adana mana. Mun fi ashirin a ɗaki biyu, kowa da yarensa. Kwana arba'in ba wanda ya yi min maganar mota. Da na tambayi mai gidan, sai ya kwaikwayi murza sitiyari da hannu yana dariya, sauran suka taya shi. A nan na gane an sayar da ni ne kamar buhun gyaɗa, sai dai ban san wa ya saya ba.

Wata rana ina wanke kwanuka a bayan kicin ina magana ni kaɗai, ina cewa, "Garba, ka kashe kanka." Sai na ji an ce daga bayana, "Ɗan wane gari ne wannan mai kashe kansa?"

Kwanon ya suɓuce min. Kukun gidan ne, wani dattijo dogo mai suna Usman. Ɗan Sudan ne, amma kakansa Bakano ne da ya tafi Makka a ƙasa, ya yada zango a hanya bai ƙara tashi ba. Hausarsa irin ta kakanninmu ce. Ya tuƙa min wani abu mai kama da tuwon dawa, ya zauna yana kallona ina ci ina share hawaye.

"Ci, ci," in ji shi. "Miyar ce da yaji."

Ranar da za a kwashe mu ya miƙo min wani tsohon rediyo mai cin manyan batura biyu. Ya ce, "Riƙe. Safe da yamma za ka ji mutanenka. Wanda yake jin harshensa ba ya haukacewa."

Zango na biyu sahara ce, tafiyar yini guda daga birni. Ana shimfiɗa bututun mai, mu kuma muna kwana a kwantena. Masu walda suna haɗa bututu, mu bi bayansu mu ɗauki hoton cikin waldar, kamar yadda ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. Ana naɗa fim a jikin bututun. Sannan akwai wata tukunya mai nauyin gaske, a cikinta akwai abin da muke kira ƙwaya: ɗan ƙarfe mai sheƙi a bakin wata guntuwar waya, duka tsawonsa bai wuce alƙalami ba. Yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, ana ce masa gamma, yana ratsa ƙarfe, yana ratsa mutum. Injiniya zai tsaya nesa ya murɗa wani hannu, ƙwaya ta bi tiyo ta fita ta haska fim, sannan ya murɗo ta ta koma tukunya.

Abu uku aka ba mu don tsare rai. Akwai bajo da ake maƙalawa a ƙirji, shi yake tara lissafin hasken da ya shiga jikinka, duk wata a karɓa a duba. Akwai wata 'yar na'ura ta ƙugu mai ihu idan ka matsa kusa, muka sa mata suna magulmaciya. Sai mita, mai allura a fuska, wadda ake bi da ita bayan kowane hoto a tabbatar ƙwaya ta koma gida.

Amma ga yadda ake aikin a zahiri. Shugaban aiki, wanda muke kira Mudir, yana son hoto da yawa a yini. In kana son sauri, ba za ka riƙa gudu nesa kana dawowa ba, kusa za ka tsaya. In ka tsaya kusa, bajonka zai nuna. In ya nuna, a cire ka daga aiki, a sa ka a jirgi. Saboda haka da mun isa wurin aiki sai kowa ya cire bajo da magulmaciya ya zuba a aljihun mota. Mudir bai taɓa cewa mu yi haka ba. Yakan dai juya baya yana shan shayi har mu gama cirewa.

Shekara biyu na yi a haka. Daga baya aka turo Baba Usman ya zama kukun sansaninmu, na ji kamar an kawo min uba. Sai kamfani ya nemi ƙarin ma'aikata, ni kuma na ba da sunan Sunusi.

Sunusi abokina ne tun muna kiwon awaki. Ɗan Baba Idi maƙeri ne, wanda duk fartanya da lauje na yankinmu daga hannunsa suke fitowa. Ranar da Sunusi zai taso, na shiga birni na kira waya, aka ba wa tsohon.

"Garba, ka san shi kaɗai ne namijin da ya rage min a maƙera. Ga matarsa da goyo. Ni ban san ƙasar nan ba, kai ka sani. Amana ce na ba ka."

"In sha Allahu, Baba. Kamar ɗan'uwana."

"Ba kamar ba. Ɗan'uwanka ne."

Sunusi yana da wata ɗabi'a ta gidansu. Ba ya iya wuce ƙarfe a ƙasa. Ƙusa ce, noti ne, guntun waya ne, sai ya sunkuya ya ɗauka ya jefa a aljihun wando. Da yamma ya juye su a wani gwangwanin madara da yake ajiyewa a ƙarƙashin gado, wai zai kai wa Baba tsaraba.

"Kai da kazar gidanmu ban san wa ya fi tsince-tsince ba," nakan ce masa.

"Yi dariyarka, ɗan manoma. Baba ya ce ƙarfe ba ya kwana a ƙasa ɗan maƙeri yana gani. Wannan notin da ka raina, gobe shi ne bakin fartanyarka."

"Fartanyar ɓera ko?"

"Daidai gonarka ke nan."

Ranar farkonsa a wurin aiki, ni na kai hannu na cire masa bajo da magulmaciya.

"Ba an ce kada a cire ba?" ya tambaya.

"An ce. Kai neman abinci ka zo ko bin doka? Shekarata biyu a nan, ka ga na mutu?"

Ya kalle ni, ya kalli motar. Ya ce, "To, kai ka san gari." Wannan shi ne laifina na farko.

Bayan wata biyar wasu mutane suka zo daga wata jami'a, shugabarsu mace ce mai furfura a gefen ɗankwali, kowa yana ce mata Dakta. Ta zo gwada wata na'ura da ta daɗe tana haɗawa. Aka ba ta ni da Sunusi mu riƙa ɗaukar mata kaya, Baba Usman yana yi mana tafinta in ya samu sarari.

Na'urar kamar akwatin keken ɗinki take, a kan ƙafa uku. Dakta ba ta da girman kai. Ta buɗe ta nuna mana wasu duwatsu garai-garai kamar ƙanƙara, jere a ciki. Ta ce idan hasken nan da ba a gani ya bugi dutsen, sai ya yi wani ɗan walƙiya, na'ura ta ƙirga, ta gane ta inda ya fito. Ta ce ido biyu gare ta: ɗaya na ganin gamma irin namu, ɗaya na ganin wani iri da ake kira niyutiron. Mita tana gaya maka akwai abu kusa, ita kuwa tana nuna maka ga shi can. Da aka fitar da ƙwaya daga nesa, muka leƙa fuskar kwamfuta, sai ga hoton bututu kamar yadda ido ke ganinsa, a tsakiya kuma wani jan tabo kamar garwashi.

"La ilaha illallah," in ji Sunusi. "Wannan wutar muke tsayawa kusa da ita?"

"Kai dai ɗauki kaya," na ce.

Rannan iska ta tura na'urar, ƙusar da ke riƙe ƙafa ɗaya ta karye. Mutanen Dakta suka tsaya cirko-cirko. Sunusi ya zura hannu a aljihu, ya zazzago tarkacensa a tafin hannu, ya zaɓi wani guntun ƙarfe, ya ɗora a kan bututu ya daddake shi da guduma, ya zura. Ƙafa ta tsaya cak. Dakta ta yi ta dariya tana tafa hannu.

"Baba Usman, gaya mata," in ji Sunusi, "cikin na'urar aikin masu ilimi ne, amma wanda ya yi ƙafar nan ko zuga-zugi Babana ba zai ba shi ba."

Ta sake dariya. Sannan ta kalli ƙirjinsa, ta kalli nawa, dariyar ta ɗauke. Ta tambayi ina bajonmu. Ni na amsa. Na ce an karɓa za a canja mana sababbi. Ta daɗe tana kallona kafin ta koma kan aikinta.

A lokacin ne labari ya fara zuwa cewa ɓarayin daji sun fara leƙowa yankinmu. Sansanin ba sabis na waya, motar kayan masarufi kuma ta yi kwanaki ba ta zo ba. Baturan rediyona suka mutu. Kwana uku ina kwana ina tashi ban san ko ƙauyenmu yana nan ba, ko Innarmu tana gida ko tana daji. Ranar Laraba da yamma ina mayar da kayan aiki sito, sai na lura mita irin baturan rediyona take ci.

Ban yi dogon tunani ba. Na cire nata na zuba a aljihu, na sa mata matattun nawa. Na ce a raina mota za ta zo jibi in mayar. Shekara biyu ƙwaya ba ta taɓa ƙin komawa ba. Da yamman nan ni da Sunusi muka zauna a inuwar kwantena muka ji labarai. Ba a ambaci garinmu ba. Ya ce, "Alhamdu lillahi. A ina ka samo batir?" Na ce wani direba ne ya ba ni.

Alhamis bayan la'asar muka ɗauki hoton ƙarshe. Injiniya ya murɗo hannu, ya ɗaga min yatsa. Ni ke riƙe da mita. Na zagaya tukunya, na bi tiyo har ƙarshe, ina kallon allura tana kwance kamar gawa. Na san dalilin kwanciyarta. Na ɗaga hannu na ce lafiya lau.

Ashe mahaɗin ƙwayar ya suɓuce, ta tsaya a cikin tiyo. Da aka kwance tiyon sai ta faɗo cikin yashi. Ina ɗora kaya a mota na hango Sunusi ya sunkuya ya ɗauki wani abu mai sheƙi, ya juya shi, ya jefa a aljihun dama.

Na ɗaga murya na ce, "Kaza ta samu tsaba!"

Ya yi dariya. Da idona na gani. Magulmaciyarsa tana aljihun mota, inda na koya masa ajiye ta. Shi kuma ya hau bayan wata motar ta masu walda, don haka ko a hanya magulmaciya ba ta ji shi ba.

Kafin magariba ya fara amai. Muka ce kifin gwangwanin rana ne. Bai ko juye aljihunsa ba, ya tuɓe wandon ya rataye a ƙusar da ke kan gadonsa ya kwanta. Washegari Juma'a ba aiki. Na bi mota zuwa wani gari mai nisa don masallaci, na sayo batura, na dawo na mayar wa mita nata ba wanda ya gani. Shi kuwa ya yini kwance a ƙarƙashin wandon nan. Da na dawo ya nuna min cinyarsa ta yi ja, ya ce ko kunama ce. Na shafa masa man zafi.

Asabar da safe muka ɗauki hoto uku, aka wanke fim, ya fito fari fat. Injiniya ya duba tukunya, ya ga babu ƙwaya a ciki. Aka busa ƙaho, aka tara kowa a fili. Mudir da bakinsa ya je ya roƙi Dakta. Ta ɗora na'urarta a bayan a-kori-kura, ni na riƙe mata ƙafafun. Muka bi layin bututu a hankali, ba komai. Da muka juyo muka fuskanci sansani, sai ta buga rufin mota ta ce a tsaya.

Jan tabo ne a kan kwantenarmu.

Aka fito da Sunusi yana ɗingishi. Aka buɗe ƙofa da doguwar sanda, ta saita na'ura daga nesa. Na leƙa fuskar kwamfutar. Ga gadonsa, ga wandonsa a rataye, ga garwashin nan a daidai aljihun dama.

Zango na uku asibiti ne a babban birni. Mu huɗu na ɗakin aka kwantar, don jininmu duk ya taɓu. Mu uku muka warware. Likitoci suka nemi bajon Sunusi don su san abin da ya shiga jikinsa, aka kawo shi tas kamar sabo. Masu bincike suka gwada mita, ta yi aiki. Suka tambaye ni, na ce na duba ban ga komai ba. Aka rubuta cewa ma'aikaci ya ɗauki kayan kamfani ba da izini ba. Ɓarawo ke nan, a takarda.

Ciwon nan ba irin ƙunar da muka sani ba ne. Daga ciki yake ci. Sati biyu cinyar ta yi bororo, ta fashe, ta ƙi rufewa. A yanke nama, a ɗinke, ya sake buɗewa. A wata na uku aka cire ƙafar daga ƙugu. Kamfani ya bar ni ina jinyarsa, ba don tausayi ba, don kada in koma sansani in yi surutu.

Dakta ta zo duba shi tare da Baba Usman. Ta kawo masa dabino, ta ce ƙafar na'urarta har yanzu ƙusarsa ce a ciki. Ya yi murmushi ya ce, "Ai aikin gado ne." Da ta fito ta tsayar da ni a baranda. Ta ce shekaru ta yi tana haɗa na'urar nan, ba ta so ranar farko da za ta yi aikin gaske ta zama a kan mutumin da ya gyara mata ƙafa ba. Sannan ta ce, mita mai rai ba za ta yi shiru kusa da wannan ƙwaya ba, ko yaro ne ya riƙe ta. In akwai abin da na sani, in faɗa, za ta tsaya a goge sunan ɓarawo daga kansa.

Baba Usman ya fassara, bai kalle ni ba.

Na ce, "Wallahi na duba." Na rantse da Allah a kan rabin gaskiya, ina sane. Tsoron kurkuku a ƙasar da ba ni da kowa ya fi min tsoron Allah a wannan rana. Ta ciro wata takarda ta miƙo min, hoton nan ne na ɗakinmu. Ta juya ta tafi.

Sunusi ya ce in kawo masa rediyo. Kullum da safe in ɗora masa a gefen matashi, ya lumshe ido yana jin Hausa. Sau nawa na buɗe baki zan faɗa masa, sai in ji kaina ina tambayarsa ko zai sha ruwa. Wata safiya bayan an gama labarai ya kamo hannuna.

"Garba, alfarma ɗaya. In ka koma, kada ka gaya wa Baba abin da na ɗauka. Ka ce ciwo ne daga Allah, ai ba ƙarya ba ne. Ka san shi. Zai ce shi ya koya min."

"Tare za mu koma."

"Bar wannan. Ka yi alkawari?"

"Na yi."

"Ka kai masa gwangwanina. Ka yafe min wahalar da na ba ka, ka bar aikinka kana kwashe min kashi."

Shi yake neman gafarata. Bayan kwana tara ya cika, da hantsi. Baba Usman ne ya yi masa wanka. Mu shida muka sallace shi, huɗu ban san sunansu ba.

Aka ba ni fasfo ɗina aka sa ni a jirgi. Na iso gida ana tsakiyar girbin gero. Mutane suka taru a ƙofar gidan Baba Idi, aka yi addu'a, na ajiye gwangwanin a gabansa. Na ce ciwo ne daga Allah. Sai ƙanen Baba Idi, mutum mai zafi, ya ce, "Wane irin ciwo ne ake yanke wa mutum ƙafa? Kai da ka kai shi, kana ina? Ba kai aka ba wa amana ba?"

Duk idanu suka dawo kaina. Alkawarin da na yi wa mamaci bai kai numfashi uku a bakina ba.

Na ce, "Wani ƙarfe mai guba ne ya faɗi a ƙasa. An hana taɓa komai a wurin. To kun san Sunusi da tsintar ƙarfe. Ya sa a aljihu."

Wani ya ce, "Allahu akbar, ƙaddara." Ƙanen ya sunkuyar da kai. Baba Idi ya buɗe gwangwanin, ya zuba notuna da ƙusoshi a tafin hannunsa, ya daɗe yana kallonsu. Ya ce, "Ni na ce masa ƙarfe ba ya kwana a ƙasa." Ya tashi ya shiga gida.

Daga ranar maƙera ta mutu. Ya ja kyauren ya ɗaure da igiya. Damina uku mutanen garinmu suna kai fartanya kasuwar Bagwai gyara. Tsohon yakan zauna a bakin ƙofa hannuwansa a kan gwiwa, yana kallonsu kamar na wani ne. In na wuce na gaishe shi sai ya sa min albarka, ya ce, "Allah ya saka maka, ka yi jinyar ɗan'uwanka." Ina amsawa da amin. Ban ƙara kunna rediyo ba, amma wannan ba tuba ba ce, gudun tuna wa kai ne.

Abin da ya karya ni ƙaramin abu ne. Wata safiya 'yar Sunusi, wadda ya bari a goye, tana wasa a gaban kakanta. Ta tsinci wata tsohuwar ƙusa ta nufo shi da gudu tana murna, "Kaka, ga shi!" Ya kaɗe hannunta da ƙarfi har ta faɗi. Ta fashe da kuka. Shi ma ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa.

Na koma gida na ɗauko hoton da Dakta ta ba ni. Na zo na durƙusa a gabansa.

"Baba, ka ga wannan jan? Shi ne ƙarfen. Ka ga wannan kuma a gefe, a kan gadona?"

Ya matso da takardar kusa da ido. "Rediyo ne."

"Nawa ne. Shi ya kashe Sunusi, ba kai ba."

Na faɗa masa komai. Bajo, magulmaciya, batura, allurar da na gani kwance na ce lafiya lau, rantsuwar da na yi, alkawarin da na karya a ƙofar gidansa. Na ce da mitar nan tana da rai, da ba wanda zai matsa kusa da wurin, da Sunusi bai ma ga ƙarfen ba.

Bai katse ni ba. Da na gama ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Ya san da wannan kafin ya rasu?"

"A'a, Baba."

"Gara haka. Ya tafi yana da aboki." Ya ɗago ya kalle ni. "Damina uku, Garba. Damina uku kana wucewa ta nan ina sa maka albarka, ina tsine wa hannuna."

"Ka yafe min, Baba."

"Wanne? Na Sunusi ba a hannuna yake ba, mai shi yana kwance a ƙasar da ban san sunanta ba. Nawa kuma ban san girmansa ba tukuna. Tashi ka tafi."

Na rubuta wa Dakta wasiƙa ta hannun Baba Usman, na faɗi gaskiya, na sa hannu. Ban sani ba ko za ta isa, ko za a goge sunan nan daga takarda. Na kuma faɗa wa matar Sunusi, da liman, da ƙanen nan mai zafi. Wasu a gari ba sa amsa gaisuwata yanzu, kuma daidai ne.

Bayan kwana goma sha ɗaya ina gona da hantsi, sai na ji wata ƙara daga cikin gari. Na tsaya na kasa kunne. Masaba ce a kan uwar maƙera, a hankali, bugu ɗaya, a huta, bugu ɗaya. Na zauna a kan kunya na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Da sati ya zagayo na ɗauki fartanyata da bakinta ya cinye, na je. Yarinyar tana zaune a bakin ƙofa da gwangwanin ubanta a cinya, tana miƙa wa kakanta ƙusoshi. Na yi sallama, ya amsa, bai ɗago ba. Na jingine fartanyar a bango na fita.

Yau wata biyu ke nan. Kullum na wuce ina ganinta a inda na ajiye. Bai gyara ba, bai kuma aiko min da ita ba.